Injin da Muka Haɗa da Ƙanena

Ni bakanike ne a Gummi, ban taɓa yin wata sana'a ba. Garejina rumfar kwano ce a bayan tasha, da ramin shiga ƙarƙashin mota, da benci guda. Ƙanena kuwa direba ne, shekara bakwai na ba shi. Wata tsohuwar wagon yake ja, yana ɗaukar fasinja da buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi daga Gummi zuwa Anka, ya ratsa Bukkuyum idan akwai masu sauka.

Shi ya kawo maganar injin. A lokacin hanya ta lalace, kuma ba ramuka nake nufi ba, mutanen daji nake nufi. Sau biyu masu babura suna biyo shi. A na biyun, da ya iso gari bai wuce gida ba, ya zo gareji ya zauna a kan benci, ya sha ruwa kofi biyu kafin ya iya magana.

"Yaya, motag ga ba ta gudu," ya ce. "Na taka ta har ƙasa, ina ganinsu cikin madubi suna ƙara girma. Allah dai yay yi da sauran kwana."

Na ce masa ya bar hanyar. Ya ce ya bar ta ya ci me, shi da mata da 'ya'ya mata biyu. Abin da yake so shi ne in haɗa masa injin da in ya taka, babur ba zai ga ko ƙurarsa ba.

Muka samo wani inji mai silinda shida a Gusau, wanda aka ciro daga wata tsohuwar motar Jamus. Injin ya buga tun da daɗewa, ruwan sama ma ya shiga cikinsa. Da yake garejina ba ƙofa, sai muka ajiye shi a gida, a ɗakin da ke kusa da zaure, inda Inna, mahaifiyarmu, take tara itace da damina. Na yi masa ƙafafu na ƙarfe muka ɗora shi a kai.

Kusan shekara biyu muka yi a kansa, don kayan ba tare suke zuwa ba. Wata guda ya kawo ringi, wani watan ya kawo gaskit, wani watan bai kawo komai ba. Muka kai bulok ɗin, wato gangar jikin injin, Sakkwato aka faɗaɗa ramukan silinda, muka sa fistan da suka fi na asali girma. Tof ɗin, wato murfin da ke rufe silindojin daga sama, ni na zauna na goge hanyoyin iskarsa da hannu har suka yi santsi kamar cikin kofin tangaran. Muka sa kafireta, mai haɗa fetur da iska, guda biyu maimakon ɗaya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muke aikin. Shi ba bakanike ba ne, wanke-wanke yake yi da miƙo sifana, da surutu. Yakan faɗa mini minti nawa zai riƙa yi daga Gummi zuwa Anka, kullum kuma mintocin raguwa suke yi.

Farkon damina muka gama. Muka jawo batir, muka zuba fetur a gora muka sa tiyo, na ce masa ya haɗa wayar. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya kama. Kwanon ɗakin ya ɗauki rawa, kajin gidan suka watse, Inna ta fito da muciya a hannu tana salati. Ƙanena yana ta dariya, yana faɗar wani abu da ban ji ba saboda ƙarar. Muka tsayar cewa mako mai zuwa zai ajiye wagon ɗin kwana uku mu ɗora mata shi.

Ranar Talata ya tashi da amai da gudawa. Muka kai shi asibiti, aka sa masa ruwa, ma'aikatan suka yi iya yinsu. Ranar Alhamis da hantsi muka kai shi makwancinsa.

Ban yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta yaba tawakkalina, ina amsa musu da amin. Ni dai na san ba tawakkali ba ne. Ji nake kamar an yi mini allurar da ake yi kafin a cire haƙori, sai dai wannan ta kama jiki duka. Ina cin abinci, ina salla, ranar da aka yi bakwai na koma gareji na canza wa wani birki. In an yi mini magana ina ji, ina kuma ba da amsar da ta dace.

Injin ya zauna a ɗakin har matar ƙanena ta fita takaba. Inna ta daina ajiye itace a can, ta koma tarawa a bayan madafa ana rufewa da leda. Da aka zauna rabon gado, kawunmu ya zo da malamin unguwa. Wagon ɗin ba ta ba da wahala ba, wani abokin aikin marigayin ya saye ta. Da aka zo kan inji malam ya tambaye ni na wa ne.

Na ce, "Nashi na. Shi yas sayi komi. Ni hannu kawai nis sa."

Kawu ya ce tunda ni na san darajarsa, in riƙe shi, a yi masa kima in riƙa ba marayun a hankali. Kafin in amsa, Inna ta yi magana daga bayan ƙofa, inda take zaune tana jin mu.

"A hitad da shi gidan ga," ta ce.

Malam ya dube ni. Na ce to, zan sayar.

Na fara da direbobin tasharmu. Suka riƙa zuwa biyu-biyu, uku-uku, su yi wa Inna gaisuwa daga zaure, sannan su shiga ɗakin su zagaya injin. Kowa ya san labarinsa, don marigayin bai bar wanda bai ba labarin ba. Sukan shafa shi, su leƙa kafiretocin, su yaba aikin. Daga nan sai tambaya guda: yaya shan mansa? A shekarar ne fetur ya yi tashin nan da ya sa mutane suka jingine motocinsu suka koma babur. Nakan faɗa musu gaskiya. Wani dattijon direba ya girgiza kai ya ce, "Wanga sai wanda ad da gidan mai nashi na kainai." Aka yi dariya kaɗan, aka tuna inda ake, aka daina.

Wata guda ba wanda ya taya. Sai wani ya ce mini in gwada Anka, masu aikin zinariya suna sayen injuna don niƙa dutse. Na sami wata motar shinkafa da za ta tafi da sauran wuri a baya. Mu shida muka ɗaga injin da sanduna muka ɗora, na ɗaure shi da igiya, na hau na zauna kusa da shi a kan buhu. Hanyar nan da ƙanena yake tsoro, ranar ba mu ga kowa ba sai shanu da masu shingen bincike. Na yi gyangyaɗi ma a wani wuri.

A Anka akwai wani Ibo mai sayar da kayan mota kusa da tasha, wanda ya fi shekara ashirin a garin, Hausar wurin yake yi sak. A wajensa ƙanena ya sayi wasu daga cikin kayan. Da ya ga abin da ake saukewa sai ya fito daga shago, ya cire hularsa.

"Shi na wanga?" ya tambaya. Na ce shi ne.

"Allah shi jiƙan shi. Kullum yaz zo sai ya ce mani, Oga, saura kaɗan." Ya sa aka share gaban shagon aka ajiye injin a inuwa, ya aika aka kira masa wani mai injin niƙan dutse a Bagega da ya shigo gari sayen kaya.

Mutumin ya zo kafin azahar. Dogo ne, ba ɗan yankinmu ba, maganarsa ta gabas ce, ƙafafunsa da farar ƙurar dutse da ta shige cikin faso. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya tsuguna ya duba ƙasan injin, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, sannan ya ce yana so ya ji kukansa.

Mai shagon ya ba da batir. Na sayi fetur kwalba guda, na sa tiyo, na haɗa wayar da kaina. Da yake ya daɗe a ajiye, bai kama nan take ba. Na sake gwadawa, sai salansa ta yi wata ƙara, tau, kamar harbi. Kafin ka ce me, tashar ta hargitse. Masu shayi suka kwanta a ƙasa, wata mai fura ta saki ƙwaryarta ta ruga, wani ya faɗa cikin kwata da babur ɗinsa. Sannan injin ya kama, ya daidaita, mutane suka fara ɗagowa suna dube-dube. Da suka gane abin da ya faru sai dariya ta ɓarke, wasu kuma suna zagi. Aka taru a kanmu. Na ja wayar totur, ƙarar ta hau, yara suka toshe kunne, wani direba yana ta ihu yana cewa a ƙara.

Ni kuwa abin da na gani shi ne baƙin mai yana tsattsafowa a gefen murfin sama, kusa da silinda ta biyar. Na kashe injin, na karɓi sifana, na ɗaure kusoshin wurin ɗaya bayan ɗaya, na goge da tsumma. Na biya mai fura furarta.

Mutumin Bagega ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Malam, aiki ya yi kyau," ya ce. "Amma ba irin nawa ba ne. Ni mai gas nake nema, wanda zai wuni yana tafiya a hankali yana juya bel. Wannan gudu yake so. In na sa shi a niƙa, kwana uku zai cinye ni." Ya sake duban injin. "In za ka raba, ina son lagireton, da abin cajin batir. Muna fama da wuta a can."

Na ce zan yi tunani. Ya ce yana gari har la'asar.

Da mutane suka watse, mai shagon ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya fito da ita.

"Maigida, in gaya maka gaskiya? Ba mai sayen shi ɗungum. Ko Gusau kak kai shi, haka za a yi ta kallo ana yabo. Ka warware shi. Kahireta za su tahi yau, tof zai tahi, ƙananan kaya ni ina ɗauka. Na san da ciwo, amma…"

Na ce, "To. Ara mini sifanoninka."

Ya dube ni. Ina jin ya shirya lallashi mai tsawo ne, sai ya ga ba a bukata. Ya tashi ya kawo akwatin kayan aiki da buhunan siminti wofi guda huɗu, muka shimfiɗa a ƙasa.

Na yi sallar azahar na fara. Na tsiyaye baƙin man a wani galan. Na cire kafiretocin, na cire salansa, na cire lagireto. Kusoshin ba su yi gardama ba, don ba su daɗe da ɗauruwa ba, ba tsatsa ko ɗaya. Na kwance tof na ɗaga, gaskit ɗin ya fito cif kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Na kifar da bulok na zaro fistan ɗin. A saman kowanne akwai lamba da ƙanena ya karta da ƙusa don kada mu rikita su, ɗaya zuwa shida. Bai yi nisa a makaranta ba, huɗunsa a juye yake rubuta ta. Na ga lambar, na san hannunsa ne, na wanke fistan ɗin da fetur na jera shi kusa da na uku. Na tsaya ina jira ko wani abu zai taso mini a ƙirji. Ba abin da ya taso. Na ɗauko na biyar.

Kafin a kira la'asar na gama. Abin da muka yi kusan shekara biyu muna haɗawa ya koma tsibi-tsibi a kan buhu huɗu.

Yadda mai shagon ya faɗa haka aka yi. Mutumin Bagega ya dawo ya ɗauki nasa ya ɗaure a bayan babur. Wasu direbobi biyu suka raba kafiretocin, kowa ɗaya. Wani mai walda ya sayi salansa, ban tambaye shi me zai yi da ita ba. Mai shagon ya kwashe fulogi da famfon mai da wayoyi da sauran tarkace, ya kuma ce in bar tof a wajensa, ya san wani dattijo a Bukkuyum da yake da irin motar da aka ciro injin daga cikinta. Bulok da fistan kuwa ba wanda ya ko taɓa su. Tunda mun faɗaɗa ramukan, fistan ɗin ba sa shiga kowane inji sai wannan, shi kuma ba wanda yake so. Na kwana a Anka, da safe na dawo da su Gummi na ajiye a gareji. Ban kai su gida ba.

Bayan kwana goma mai shagon ya kira ni a waya. Dattijon ya sayi tof ɗin, amma ya ce wanda ya yi aikin shi zai zo ya ɗaura. Na tafi Bukkuyum da kayan aikina a jaka.

Wani tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, gemunsa fari fat. Motar tana cikin gida a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ta shekara uku a tsaye tun da nata tof ɗin ya tsage. Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da ni, ya zauna da carbinsa yana kallo tun safe. Da na ɗauko tof ɗin ya ce in miƙo ya gani. Ya zura yatsa cikin hanyar iskar, ya ji santsin.

"Ɗana, mi yas sa anka goge nan haka?"

Na ce don iska ta shiga da sauri, mota ta yi gudu.

"Gudu," ya ce. "Ni ina za ni da gudu? Masallacin Juma'a, sai gona." Ya miƙo mini.

Bai san labarin injin ba, ni ma ban ba shi ba. Da yamma motar ta tashi. Ya shiga ya zauna, ya ce in shiga mu zagaya. Muka fita ta ƙofar gida, muka bi ta bakin kasuwa, yana tafiya a giya ta biyu, yana ɗaga wa mutane hannu. Wani mai amalanken shanu ya daɗe a gabanmu, bai ko yi masa oda ba. Da muka dawo ya sa aka ɗaura mini tiya biyar ta gero ban da ladan aiki, ya yi ta sa mini albarka.

Bulok ɗin ya ƙara wata biyu a gareji, ina tuntuɓe da shi. Ran nan masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da kurarsu. Suka rataya sikeli a reshen bishiya, suka ɗaure bulok da sarƙa suka auna, suka zuba fistan shida a buhu suka auna daban, don su farin ƙarfe ne. Ɗayansu ya ɗauko fistan guda ya juya shi a rana, ya ce wannan ai sabo ne. Na ce sabo ne. Ya jefa cikin buhun.

Na haɗa duk abin da aka samu na kai wa kawu, malam ya raba yadda shari'a ta ce. Aka ba Inna nata, ta ce a sayi hatsi a yi masa sadaka. Rabon matarsa da 'ya'yan aka ce ni zan kai, don ta koma gidan iyayenta a wani ƙauye gefen Bukkuyum.

Na same ta tana sussukar dawa da ƙannenta mata. Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta tsuguna daga bakin ƙofa muka gaisa. Yaran suka zo suka gaishe ni, ƙaramar ta manta ni, ta ɓoye a bayan uwarta. Na miƙa saƙon, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ba ta buɗe ba. Ta tambayi Inna da ciwon ƙafarta. Na tambayi amfanin gona.

Can ta ce, "Yaya, dakata," ta shiga ciki. Ta fito da wata baƙar leda ta ajiye a gabana. Takalma ne sau-ciki na fata, masu ruwan ƙasa, ƙanena ya saya da ƙaramar salla bai sa su ba sai sau biyu. Ta ce sun shigo cikin kayanta ne ba ta lura ba, kuma nan gidan ba wanda suke yi wa.

Na cire silifas ɗina na gwada a nan zauren. Sun yi mini daidai. Na sa silifas ɗin a ledar, na yi musu sallama, na taka zuwa bakin titi na jira mota. Da su na riƙa zuwa masallacin Juma'a, daga baya da suka tsufa na mayar da su na gareji. Sun yi mini kusan shekara biyu kafin ƙasansu ya rabu.